Tsanani Kala-Kala: Yadda Aikin Ɗan Littafina Yake Tafiya

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na sayi littafin rubutu mai shafi sittin, na jera kalmomin Ingilishi goma sha ɗaya a shafin farko: *strict, stringent, stern, severe, harsh, austere, rigid, rigorous, draconian, firm, exacting*. Niyyata in fitar da ɗan littafi da bai wuce shafi ashirin ba, saboda ajin fassara da nake koyarwa da yamma, in kuma kammala kafin azumi ya kama.

Jarrabawar ƙarshen zangon da ya wuce ce ta tsokano wannan aiki. Na ba ɗalibai jimloli takwas su mayar da Hausa, kowace jimla da irin sifarta: malami, alƙali, ciwon kai, fari, sharuɗɗan bashi, da sauransu. Da na zauna makin, sai na tarar kusan kowace takarda “mai tsanani” ce daga sama har ƙasa. Malami mai tsanani, ciwo mai tsanani, ɗaki ma mai tsanani. Na so in yi faɗa, sai na tuna ni ma idan aiki ya matso ni cikin dare abin da nake yi ke nan. Kalmar ta zame mana buhu, duk abin da ya gagare mu sai mu cusa a ciki mu ɗaure baki.

Tsarin da na yanke: in kafa kalmomin kamar matakalar tsani, mai sauƙi a ƙasa, mai zafi a sama. Har na raɗa wa babin farko suna, “Tsanin Tsanani”, ina ta jin daɗin kaina.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na fara da *strict*, don ita ce kowa yake jin ya sani.

Asalinta Latin ne, daga aikatau *stringere*, wato a ja abu a ɗaure shi tamau. Da na ga haka sai hoton ya fito mini: igiyar shanya da aka ja har ba ta da sauran lanƙwasa. Mutumin da ake kira *strict* doka ce a hannunsa a ɗame, ba ya sassauta ta don kai ɗan wane ne. Batun fuska ko faɗa bai shigo ba sam. Malamin da ya koya mana lissafi a aji uku shi ne misalin da zan sa. Mutum ne mai barkwanci, har waƙa yake yi mana da jadawalin sau. Amma ƙarfe takwas na bugawa zai sa sakata, ko ɗan shugaban makaranta ne a waje sai dai ya leƙo ta taga. Yana dariya, yana girgiza maka kai.

Shi ya sa kalmar take shiga wuraren da babu mai tsawata wa kowa. *A strict vegetarian* mutum ne da ko romon nama ba ya kurɓa, kansa kaɗai ya ɗaure. *In strict confidence* sirri ne da ba a yarda ko matarka ta ji ba. Fassarar da na rubuta: mai ƙa'ida, wanda ba ya ɗaga ƙafa, ba sani ba sabo.

*Stringent* uwa ɗaya suke, daga wannan aikatau ɗin dai. Bambancin shi ne ita ba ta hawa kan mutum. Ba a cewa uba ko malami *stringent* ne. Gidanta takarda: sharuɗɗan banki kafin ya ba da rance, ƙa'idojin shigo da magani, matakan tsaro a filin jirgi. “Tsauraran sharuɗɗa” ta wadatar, rabin shafi ya ishe ta.

Talata, 14 ga Janairu

Kwana biyu ina kokawa da *stern*, sai Inna ta warware mini ba tare da ta san ta yi ba.

Na je gaishe ta jiya da daddare, na tarar tana ɓare gyaɗa a faranti, hira ta kai mu kan marigayi mahaifinta. Na ce, “Inna, wai da gaske ne Malam yana da zafi? Kowa haka yake faɗa.”

Ta ajiye farantin. “Wane irin zafi? Kai dai ba ka riske shi ba. Tunda nake ban taɓa ganin ya ɗaga hannu a kan yaro ba, ban taɓa jin muryarsa daga zaure ba. Kallo ne kawai. In muna tsalle-tsalle a tsakar gida ya shigo, zai tsaya ya dube mu ta saman tabarau, shi ke nan, kowa ya nemi abin yi.”

Wannan shi ne *stern*. Tsananin a fuska yake da murya, ba a bulala ba, ba kuma a doka ba. Turawa sukan ce *a stern look*, *a stern face*, *a stern warning*. Kalma ce ta gado, tun tsohon Ingilishi take, ba aro daga Latin ko Faransanci ba, kuma har yau tana ɗauke da wani girma. Wanda aka kira *stern* ba a raina shi aka yi ba. Ana shakkarsa ne.

Matsalar ita ce Hausar. “Mai ɗaure fuska” ta kama rabi, amma mai fushi ma yana ɗaure fuska. “Murtuke” ta yi muni da yawa. “Kwarjini” ta kama ɗaya rabin, sai dai akwai masu kwarjini da fara'a. Na rubuta su duka da fensir.

Ƙaramin bayani da zan sa a gefe: *stern* da ke nufin bayan jirgin ruwa wata kalma ce daban, daga harshen mutanen arewacin Turai na da, tana da alaƙa da tuƙi. Haruffa kawai suka haɗa su.

Asabar, 18 ga Janairu

Tsanin ya karye.

Na zo sa *severe* a mataki na huɗu, sama da *stern*, sai na ga babu yadda za a yi ciwon kai ya zama “ya fi” kallon kakana. Ba abu ɗaya ake aunawa ba. Na kira Yaya, wadda ta yi shekara goma sha tara tana aikin jinya a sashen yara, na ce, “Yaya, in kun rubuta *severe* a kati, me kuke nufi?”

Ta ce in zo in gani da idona. Da na je gidanta ta zaro wani siririn tef daga jaka, irin wanda ake naɗa wa yaro a damtse, mai launi uku: kore, rawaya, ja. Ta kama hannun autarta ta zagaya shi, ya faɗa can cikin kore, yarinyar tana ta ƙyalƙyala dariya. Sai ta matse tef ɗin a kan yatsunta biyu ta nuna mini inda ja ya fara. “Ka ga nan? Santimita 11.5. Yaron da ke tsakanin wata shida da shekara biyar, in damtsensa bai kai nan ba, tamowarsa ta zama *severe*. Daga nan zuwa 12.5 matsakaiciya ce. Ba ra'ayina ba ne, ba tausayi ba ne. Awo ne.” Ta ce haka zazzaɓin cizon sauro: akwai wanda ake ba da ƙwayoyi a sallami yaro, akwai *severe*, wanda ya kai ga jijjiga ko suma ko ƙarancin jini mai yawa, shi sai kwanciya da allura.

To ashe *severe* sikeli ce. Tana gaya maka nauyin abu, ba ta damu da wanda ya jawo shi ba, ba ta kuma ce an yi daidai ko an yi zalunci ba. Farin da ya halaka dabbobi a yankin Sahel a 1973 *severe* ne. Cutar SARS da ta ɓulla a kudancin Sin a ƙarshen 2002, harafin farko na sunanta wannan kalma ce. A nan ne kaɗai “mai tsanani” ta zauna daram, ba gyara.

Na yage shafin “Tsanin Tsanani”. Sabon tsarin tambaya ce guda a kan kowace kalma: tsananin a ina yake zaune? A doka, a fuska, ko a nauyin abin?

Wani abu da na tsinta a hanya, ba zai shiga littafin ba amma ya burge ni: kalmar daga *severus* ta Latin take, kuma sarkin Rum Septimius Severus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 193 zuwa 211, haifaffen Leptis Magna ne, a Libiya ta yau, ya kuma mutu a garin York na Ingila. Abin da zai shiga shi ne jan kunne: *several* da *severally* ba danginta ba ne, ɗalibaina suna yawan cakuɗa su.

Asabar, 25 ga Janairu

Hunturu ya buɗe sosai, leɓena duk ya tsage, ga shi ranar *harsh* ce. Ya yi daidai.

Ma'anarta ta farko kaushi ne, abin da hannu ya taɓa ya ji ya karce shi. Har yanzu jiki ne yake shaidar ta: sabulun da ke cin hannu, hasken da ke kashe ido, murya mai kartar kunne, iskar da ke fasa dunduniya, duk *harsh* ne. Abin sha'awa, 'yan jaridarmu sun riga ni gano hanyar, domin “kakkausar murya” da “kakkausan martani” daga kaushin nan suka fito.

Na kai wa wani dattijo daftarin, mutumin da ya yi shekaru yana fassara labarai a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi, ya naɗe kunnuwa da rawani. Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa, sannan ya ce, “Malam, ka yi ƙoƙari, amma ka bar babban abin.”

“Allah ya gafarta Malam, wanne?”

Ya karɓi birona ya rubuta jimla biyu a bayan takardar. *The judge passed a severe sentence. The judge passed a harsh sentence.* “Alƙali ɗaya, ɓarawo ɗaya, shekara goma ɗaya. Mene ne bambancin?”

Na yi shiru.

“Na farko ya ba ka labari. Na biyu ya ba ka labari, ya kuma gaya maka shi bai ji daɗin hukuncin ba. In ka mayar da su duka ‘hukunci mai tsanani’, ka haɗiye ra'ayin marubucin. In kuma ka juya, ka fassara na farko da ‘hukuncin rashin tausayi’, ka sa masa magana a baki, gobe lauya ya zo neman ka.”

Na dawo gida ina juya maganar. Duk makonnin nan ina tambayar inda tsananin yake, ban tambayi inda mai maganar ya tsaya ba. Wasu kalmomin 'yan ba-ruwana ne, wasu da zargi a cikinsu, wasu da yabo. Na ja sabon layi a jadawali, na sa masa kai: “Mai magana yana goyon baya ko yana suka?”

Wannan ma ya bayyana mini wani abu da na daɗe ina ji a aji. Yaro zai rubuta *my father is very harsh*, alhali nufinsa baban ba ya bari a fita bayan magariba. Bature zai karanta ya ɗauka ana gallaza wa yaron ne. *Strict* yake nema.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ba aiki wannan makon. An dawo da wuta da ƙarfi ranar Laraba, cajar kwamfuta ta ƙone, kwamfutar kanta ta ƙi tashi. Mai gyara ya ce a ba shi kwana biyu, yau kwana huɗu. Shafi tara da na buga suna ciki. Allah ya sa komai yana cikin littafin rubutu da hannuna, in ban da jadawalin.

Talata, 11 ga Fabrairu

Kwamfuta ta dawo, fayil bai dawo ba. Na sake bugawa, kuma gaskiya bugun na biyu ya fi, don na zubar da surutu da yawa.

*Austere* ce kalmar da na fi so a cikinsu duka. Ta zo daga Girkanci, inda take nufin ɗanɗanon da ke busar da harshe, irin na ɗanyen 'ya'yan itace. Bauri ke nan. Duk wanda ya taɓa gatsar ɗanyar ayaba ya san yadda baki yake tattarewa. Daga harshe ta koma kan rayuwa: abin da aka cire wa zaƙi, aka cire wa ado, aka bar shi tsurarsa.

Misalin da na sa ɗakin wani malamin zaure ne a unguwarmu ta da. Buzu, buta, tulin littattafai a kan akwatin katako, fitila ɗaya, ƙusa a bango da riga biyu a rataye. Attajirai suna zuwa ɗaukar karatu, da ya so da an shimfiɗa masa kafet har zaure. Bai so ba. Wannan shi ne *an austere room*, *an austere life*, kuma a nan zuhudu da gudun duniya sun fi kowace fassara kusa. Ɗakin da talauci ya share ba a cika kiransa haka ba, shi wayam ne kawai. Akwai 'yar'uwarta *spartan*, daga mutanen Sparta na tsohuwar Girka da suka shahara da horon soja da ƙin jin daɗi. Ita ta fi karkata ga rashin katifa, *austere* ta fi karkata ga rashin ƙawa. Layi biyu na ba ta.

Sai dai sunan da aka ciro daga kalmar, *austerity*, ya bi wata hanya. A watan Afrilu na 1982, da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar daidaita tattalin arziki, aka taƙaita shigo da kaya, aka rage kashe kuɗi. Babana har ya rasu “ostariti” yake kiran wannan zamani, kuma in ya faɗa ba zuhudu yake tunawa ba, layin sayen madara da sabulu yake tunawa. Hausa ta riga ta ba shi suna mai kyau, tsuke bakin aljihu. Na gargaɗi ɗalibai kada su haɗa biyun: malamin zaure shi ya zaɓa, talakan 1982 zaɓa masa aka yi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

*Rigid* da *rigorous*, tagwaye masu hali daban. Dukansu daga tushen Latin ɗaya mai nufin sandarewa, wanda ya ba likitoci *rigor mortis*, sandarewar gawa. *Rigid* ta riƙe gawar: abin da ya ƙandare, in ka lanƙwasa shi ya karye. In aka ce shugaba ko tsari *rigid* ne, suka ce, ra'ayin riƙau ne, kafiya ce. *Rigorous* kuwa yabo ce kusan kullum: binciken da aka bi diddigi, gwajin da ba a tsallake mataki ba. Masu rubutu da Ingilishi kan ilimin hadisi da ita suke siffanta sharuɗɗan Imam Bukhari wajen tace masu ruwaya, kuma ɗalibaina suna jin wannan misali suka gane, ban ƙara ko kalma ba.

Sabon layin da dattijon nan ya sa na ja, a nan ya biya kuɗinsa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

*Draconian* sunan mutum ce. Draco shi ne ya fara rubuta wa birnin Atina dokoki, wajen shekara ta 621 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma abin da aka riƙe game da su shi ne kisa a kan laifi babba da ƙarami, har satar kayan lambu. Da Solon, wani mai tsara dokokin birnin, ya zo wajen 594, ya soke su in ban da na kisan kai. Saboda haka kalmar ba yawan tsanani kawai take nufi ba, rashin daidaito take nufi tsakanin laifi da hukunci. Da wuya ka ji gwamnati tana kiran dokarta *draconian*. Galibi daga bakin wanda abin ya shafa take fitowa, ko mai kare shi. A Nijeriya, Doka ta 4 ta 1984 ita ce aka fi liƙa wa wannan suna, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda.

Na kai tambayar aji. Wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu: “Malam, tunda su sunan azzaluminsu suka ɗauka, mu ma mu ɗauki namu mana. Dokar fir'aunanci.” Aji ya ɗauki shewa. Dabarar ta yi mini, kuma ta fahimci kalmar fiye da yadda na bayyana ta. Amma Fir'auna yana ɗauke da kaya masu nauyi a kunnen Bahaushe, akwai kafirci da da'awar allantaka a ciki, wanda Draco bai ɗauko ba. Mai fassara labarai da ya kira dokar haraji fir'aunanci ya wuce gona da iri. Na sa “dokar danniya” da “dokar da ta wuce kima” a sama, na sa tata a ƙasa da bayanin inda za ta dace: sharhi, wasan kwaikwayo, muhawara.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Na maimaita jarrabawar nan ta jimloli takwas, da sababbin jimloli. “Mai tsanani” ta ragu ƙwarai, ta tsaya inda ya kamata, a kan ciwo da fari. Sai dai sabuwar cuta ta ɓullo: mutum uku sun ji daɗin “ba sani ba sabo” har sun liƙa wa ambaliyar ruwa.

Wani ɗalibi kuma ya kama ni. Ya kawo jimlar da ya gani, inda aka ce wata mata tana sanye da *a severe black dress*. “Malam, kun ce *severe* awo ce. To rigar nawa ta auna?” Gaskiyarsa. Kalmar tana hawa kan tufafi da gyaran gashi da gini, da ma'anar rashin ado, kusa da *austere*, tana kuma hawa kan mutum kusa da *stern*. Na ƙara sakin layi, na rage ƙarfin abin da na faɗa ranar 18 ga Janairu.

*Firm* da *exacting* sun sami shafi ɗaya su biyu: ta farko tsayuwa a kan magana ba tare da zafi ba, ta biyu maigidan da sai ka sake ɗinkin sau uku. Littafin ya tsaya a shafi ashirin da biyu. Mai buga takardu na bakin kasuwa ya ce in kawo gobe kafin Juma'a, kwafi talatin, bango ruwan ƙasa, don gobe ake duban wata kuma in an gani ba zai buɗe da wuri ranar Asabar ba.

Gurbin *stern* har yanzu da fensir yake. Na bar fassara uku a jere, na sa labarin tabarau ɗin kakana a ƙarƙashinsu, na kuma bar layi biyu babu rubutu.